Yanar Ido

Shekara uku Gwani Tukur bai taɓa alƙalami ba.
Tawada ta bushe a kurtu, ta tsage kamar ƙasan kududdufi,
shafin da ya fara ya tsaya a tsakiyar aya,
babu wasali, babu ɗigo.
Mahaifina ne. Ni ke ja masa sanda.

Mun zizara kwalli, mun ɗiga zuma,
wani mai magani ya karɓi tunkiya, ya tafi da ita.
Sai Inna Yalwa mai ƙosai ta ce, "Ku haye layin dogo,
akwai ɗakin maganin 'yan mishan bayan 'yan katako,
can aka buɗe wa maigidana ido."
Gwani ya ce, "Ni? In kwanta ƙarƙashin gicciye?"
Kwana tara bai sake zancen ba.
Ran na goma ya ce, "Nemo mana mota."

Ɗaki huɗu ne da baranda, da darbejiya guda.
Benci ya cika: Bafulatana da goyo, direban tirela da ido a ɗaure.
Ƙarfe bakwai suka fito da fararen kaya, suka yi addu'arsu
da Hausa, Hausar nan da muke cinikin gishiri da ita.
Gwani ya matse hannuna, carbi na gudu a ɗaya hannun.
Da suka ce amin leɓensa ya motsa,
ban san me ya faɗa ba.

Sista Damaris ta buɗe masa kati.
"Baba, sana'a?"
"Rubutu."
"Za ka koma bakin aiki, in Allah ya yarda."
Ya karkato gare ni: "Wane Allah take nufi?"
Ba ta ɗago kai ba. "Wanda ya yi idon, Baba."

Ran Talata Likita Gyang ya yi aikin,
injin wuta na tari a bayan ɗaki.
Da la'asar na tarar an karkata gadon;
ashe ta tambayi mai gadi ina alƙibla.
"Sati uku ban da sujada, kada ɗinki ya motsa.
Yi da ishara, na san an yarda muku."
"Wa ya karantar da ke?"
"Shekara sha tara ina kwance bandeji a garinku."

Da safe ta ɗaye audugar a hankali.
Na tsaya a gabansa, na gyara hula, ina jira ya gan ni.
Kallonsa ya wuce ni.
Ga katakon gicciye a bango da ƙadangare a kai, ya wuce shi.
Takardar magani ya ɗauka, ya kai ta dab da hanci,
ya daɗe.
"Wa ya yi wannan?"
"Likita."
"Hannun da ya iya wuƙa haka, a ce alƙalami ya gagare shi!
Ai kaza ce ta taka tawada."
Dariyar Sista har baranda.
Sannan ya dube ni: "Kai, yaushe ka yi furfura?"

Abin da suka karɓa bai kai kuɗin tunkiyar nan ba.
Ya rasa tukuicin da zai ba ta. Goro dai ba ta ci.
Bayan wata biyu ya jiƙa ƙaro, ya haɗa tawada, ya feƙe alƙalami,
kafin ya koma ga ayar da ke jiransa
ya gwada hannu a farar takarda:
dal, mim, ra, sin,
ya kewaye su da zayyana, ja da ruwan ɗorawa.

Na kai mata. Ta juya takardar, ta sake juyawa.
Na ce, "Sunanki ne. Daga dama ake farawa."
Tana nan a bango, taƙi ɗaya ƙasa da katakon.
Ƙadangaren kan bi ta kansu duka biyu
in zai fita shan hantsi.